Ruwa Kafin Tsintsiya

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake komawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen daminar bana, a daidai kwanakin da ake murnar samun jihar Zamfara, kiran ya iso kan yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya cika da hantsi a gidanmu na gado a Ƙaura Namoda, aka yi masa sutura bayan azahar. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwancinsa.

Ni ƙanensa ne, tsohon shugaban makarantar firamare, kuma ba al'adata ba ce in yabi mutum don kawai ya mutu. Abin da zan rubuta a nan na gan shi da idona ko na ji shi da kunnena. Abin da ban tabbatar ba na bar shi.

A takarda aikinsa ƙarami ne. Ma'aikacin ɗakin shan magani ne tun zamanin En'e, mai wanke gyambo da raba ƙwayoyi, aka yi ta juya shi tsakanin Zurmi da Shinkafi da nan Ƙaura har ya ajiye aiki. Saboda haka ban zaci taron da na gani ba. Wata tsohuwa daga Dauran ta ƙi shiga cikin gida wurin mata, ta ce sai ta ga ɗan'uwan mamaci. Ta durƙusa gabana, ta ɗage bakin zanenta kaɗan, ta nuna mini wani tabo mai faɗi a ƙwaurinta.

"Malam, ka ga wagga ƙafa? Tashi ce, aro nika yi. Da ba don shi ba, da an sare ta tun ina da goyo."

Wani manomin albasa daga Shinkafi ya sauke buhu a ƙofar gida, ya tsaya yana share gumi, ya ce da ƙarfi, "Ashe Likitan Jemagu ya tahi!" Waɗanda ke zaune suka yi dariya, domin sunan da kasuwanni suka san shi da shi ke nan. Sai kuma dariyar ta tsinke, mutumin ya rufe fuska da hannun rigarsa. Babban ɗan mamacin, mai motocin ɗaukar kaya, ya sunkuyar da kai. Tun yana ƙarami yake jin kunyar wannan suna, ya sha dambe a kansa.

A rana ta biyu hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Washegari ake addu'ar uku, ana sa ran jama'a mai yawa, rumfar ƙofar gida kuwa ba ta tare ruwa. Sai babban ɗan ya zo ya durƙusa kusa da ni.

"Baffa, na ga a buɗe siton Kaka. Zai ɗauke kowa. Na aika a kira leburori, matan gida su kama musu, kafin la'asar an share shi tas."

Siton nan na mahaifinmu ne, yana bayan gida ta wajen tashar jirgin ƙasa. Don gyaɗa aka gina shi, kuma tun da kasuwar gyaɗa ta mutu yake rufe, ba mai zama ciki sai jemagu. Kashinsu ya taru a daɓe har ya kai idon sawu, busasshe kamar gari.

Na ce, "Ba za a sa masa tsintsiya a bushe ba. Sai an jiƙa shi, ya kwana, a kwashe da shebur."

"Baffa, ba lokaci. Kuma..." Ya ƙarasa cikin ladabin da ya fi zagi zafi. "Ai kai ne kake cewa maganar jemagun Baba camfi ce. Tun muna yara muke jin ka."

Gaskiya ya faɗa. Na faɗi haka, ba sau ɗaya ba, kuma a gaban mutane. Idan tsintsiya ta shiga siton nan a bushe, duk wanda ke ciki zai shaƙi abin da yayana ya ƙare ƙarfinsa yana tsare mutane daga gare shi, har da matar shi wannan ɗan, wadda take da juna biyu. Kuma ba za su saurare ni ba sai na janye maganata a gabansu, tare da dalilin da na daɗe ina ɓoyewa. Na ce ya dakatar da leburorin zuwa bayan sallar azahar. Kafin in faɗi yadda aka ƙare, ya zama dole mai karatu ya san mutumin.

Mahaifinmu ya raba mu tun muna ƙanana. Yana son ɗa guda da zai iya karanta takardun jirgi, sai ya sa ni makarantar mishan da ke unguwar ma'aikatan reluwe, Yaya kuwa ya tsaya a makarantar allo, daga baya ya yi elemantare. A makarantarmu kowace Asabar ana sharar dubawa: mu share har ƙura ta turnuƙe, malami ya bi bayanmu da farin hankici yana goga shi a bakin taga. Na ɗauki wannan tarbiyya da gaske, har yau ban sake ta ba. A wurina ƙura abar kora ce, makaminta kuwa tsintsiya. Yaya ya raɗa mini Ɗan Mishan, da na samu girma ya mayar da shi Hedimasta, bai kuma sake kirana da wani suna ba.

Shi mutum ne da hularsa ba ta taɓa zama daidai a kansa ba. Rubutunsa kamar kaji sun yi tono. Amma akwai buta ɗaure a bayan kekensa kullum, cike da ruwa, ba ta alwala kaɗai ba ce. Idan aka kawo masa mai tari, kafin ya tambaye shi inda ke masa ciwo, sai ya ce, "Ina ka shiga makon jiya? Mi ka share?" Mutane suna mamakin likitan da ke tambayar shara.

Abin ya samo asali a nan Ƙaura, a shekarun farko na mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke cika tasha. Kafin kowace kaka ana buɗe situna a share su. Bayan kamar mako biyu sai masu sharar su fara zuwa masa da zazzaɓi da busasshen tari da nauyin ƙirji. A ba su maganin zazzaɓin sauro, shiru. A ce tarin fuka ne, a aika da majinarsu asibitin lardi, a dawo a ce ba a ga komai ba. Yawancinsu sukan miƙe bayan wata ɗaya ko biyu, wasu kuwa su yi ta ramewa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, matansu da 'ya'yansu, waɗanda suke ɗaki ɗaya da su, ba wanda ya ko yi gyaran murya. Yakan ce, "Tarin fuka ba ya shiga gida ya ɗauki mutum guda ya bar saura suna kallo. Wanga wani baƙo ne."

Da aka mayar da shi Zurmi sai ya tarar da baƙon ya riga shi isa, alhali can ba situnan gyaɗa. Masu shiga kogon kuka da tsofaffin rijiyoyi ne ke kamuwa, waɗanda ke ɗebo kashin jemage suna sayar wa manoman albasa, domin taki ne mai ƙarfi. A can kuma ya ga wata fuskar ta daban: kumburi a fata da ƙashi, mai fashewa ya zama gyambon da ba ya jin wanki. Tsohuwar nan ta Dauran tana cikin waɗannan, tana ƙuruciyarta a lokacin. Har an fara maganar sare ƙafar. Ya ɗauki hutunsa na shekara, ya sa ta a jirgi ita da mijinta, ya raka su Zariya. A can wani likita ya kankari gyambon, ya sa a madubin da ke ƙara girman abu, ya kira shi ya leƙa. Ya gaya masa cewa fumfuna ce, dangin wadda ke fito wa tuwon da ya kwana biyu, amma ita a ƙasar da ta cakuɗu da kashin jemage take tsira. Jemagu na ɗaukar ta a cikinsu, mutum kuwa shaƙar ta yake yi cikin ƙura, ba daga ɗan'uwansa yake samu ba. Ya ƙara masa da cewa akwai ta har a ƙasashen hayin teku, sai dai ta can ba ita ce tamu sak ba.

Ya dawo da matar da ƙafarta, ya kuma dawo da wannan magana, bai ajiye ta ba har ya koma ga Allah. Na ji shi yana warware ta ga manoma a kasuwar Shinkafi, zaune a kan buhu.

"Dawa suna guda ce, ko? Amma farafara daban, ja daban, kowace da ƙasar da take so. To, haka abin ga yake. Dangi ne, ba mutum guda ba. Wani ƙirji yake kamawa, wani ƙashi."

Wani ya ce, "To, Likita, wa ya kawo muna iri?"

"Bafataken da ba ya tsayawa kwastan. Yau yana kukar Zurmi, jibi yana ta Maraɗi. Ya kai namu can, ya kawo nasu nan."

A bangon ɗakinsa akwai wani farin ƙyalle da ya zana garuruwa a kai da hannunsa. Duk inda ya ga mai ciwon ƙirji bayan shara ko shiga kogo, sai ya ɗiga jan tawada. Inda ya ga na fata da ƙashi, ya ɗiga baƙa. Ja ya bi layin dogo da situna, baƙi ya fi yawa a ƙauyukan bakin gulbi, a wasu wuraren kuma sun cakuɗe. Na taɓa ce masa taswirar ba ta da ma'auni, ya sa Shinkafi kusa da Ƙaura fiye da yadda take. Ya ce, "Da keke na auna ta, Hedimasta. Hanyar can gangare ce." Idan aka tambaye shi dalilin da ya sa ja ya fi yawa a nan, baƙi a can, amsarsa ɗaya ce: "Ban sani ba. Na ajiye ma wanda zai sani." Ban taɓa sanin mutumin da kalmar "ban sani ba" ta fi sauƙi a bakinsa kamarsa ba, kuma a lokacin na ɗauke ta rauni.

Saɓaninmu na farko a Birnin Tsaba aka yi shi, na raka shi a wani hutun makaranta. Akwai wata tsohuwar kuka mai kogo a bayan gari, mutanen wurin sun ce mai kukar, wato aljaninta, shi ke bugun masu ɗibar taki. Sun tara ƙirare za su banka wa kogon hayaƙi su kori jemagun. Ya hana.

"Su ke cinye muku sauro da ƙwarin gero. In kun kore su, wata kukar za su koma da kayansu, ku kai ma maƙwabta."

Wani dattijo ya ce, "Likita, ka hwaɗa muna gaskiya. Aljani ne ko ba aljani ba?"

"Baba, ban gan shi ba, ba ni cewa akwai ko babu. Abin da na sani, ko mi ne ne ke ciki, bisa ƙura yake hawa. Ku zuba ruwa tun la'asar, ya kwana, ku dawo da sahe, ku jiƙa rawani ku rufe hanci. Ku kashe ƙurar, kun raba shi da dokinshi. Ruwa kafin tsintsiya, shi ke nan."

A hanyar komawa na tsayar da kekena na ce masa ya yi sakaci. Ma'aikacin lafiya ne, wajibinsa ne ya ce musu babu wani aljani, ba ya bar su cikin duhu ba. Ya gyara butarsa, ya ce, "Hedimasta, kai so kake su ci jarrabawa. Ni so nike su kai baɗi." Daga ranar na fara kiran abin camfi. Da nan na tsaya, da laifina mai sauƙi ne.

An ba ni shugabancin makarantar Kurya Madaro, tare da gida mai rufin kwano da silin. Jemagu sun cika saman silin ɗin, warinsu ya ishe mu. Yaya ya zo mana yawon Salla, ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ce, "Gidan ga naka na da baƙi a sama. Ran da za ka taɓa su, ka kira ni." Ban kira shi ba. Aka aiko cewa mai duba makarantu zai zo, kuma a zamanin har gidan malami ake leƙawa. Da safe na sa gora na ture allon silin, kashin ya zubo kamar an zazzage buhun gari. Na fice da sauri don kada farar rigata ta ɓaci, na ce wa maiɗakina ta share kafin in dawo, ta kuma rufe ƙofa da taga don kada ƙurar ta fito baranda. Ta yi yadda na ce. Ba ta taɓa saɓa wa maganata ba.

Bayan mako biyu ta kwanta da zazzaɓi da tari. Tana shayar da 'yarmu ta fari a lokacin. Na buɗe littafin kiwon lafiya da muka karanta a makaranta, na yanke hukunci da kaina cewa tarin fuka ne, na bi dokokin littafin ɗaya bayan ɗaya. Na ware mata ɗaki. Na ɗaura jan zare a hannun kofinta don kada wani ya sha da shi. Na ɗauke jaririyar na kai wa Inna, mahaifiyarmu, a Ƙaura. Maƙwabta suka daina shigowa, sai su ajiye gaisuwa daga bakin zaure. Mahaifiyarta ta aiko daga Shinkafi cewa za a zo a ɗauke ta, ta yi jinya a inda aka haife ta, kuma kowa ya san mace da aka ɗauka da sunan wannan ciwo ba kasafai take dawowa ɗakinta ba. Ina jin kukanta ta bango, ba na ciwo ba, na 'yarta. Na gaya wa kaina cewa ina yin daidai.

Inna ce ta aika wa Yaya. Ya zo a kan kekensa daga Zurmi, ya karɓi majinarta safiya uku a jere, ya kai asibitin lardi da kansa. Ranar da ya dawo ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Dole in bayyana wa wanda bai san al'adarmu ba: tsakanin mace da yayan mijinta akwai kunya mai nauyi. Ba ta ɗaga ido ta dube shi, ba ta ci ko sha a gabansa, ba ta kama sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, matan maƙwabta na leƙe ta saman danga, ya ɗaga murya yadda za su ji.

"Matar ƙanena, ƙishirwa nika ji. Ba ni ruwa a kofinki."

Na ce, "Yaya, wannan ganganci ne."

"Sau ukku anka duba, ba a ga komi ba." Ya ɗaga kai ya dubi ramin da ke silin. "Wa ya share nan?"

Daga cikin ɗaki, da muryar da tari ya cinye, ta ce, "Ni ce, Yaya."

"Wa ya sa ki?"

Ta kawar da kai. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, bai ƙarasa tambayar ba. Ta miƙo kofin da hannu biyu, kanta a ƙasa. Ya yi bisimilla ya shanye, jan zaren na lilo a yatsansa, ya mayar mata, ya ce, "Gobe a maido ɗiya ga uwarta. Ku kuma na bayan danga, ku shigo ku gaishe ta, ba a ɗauka."

A zaure muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce masa ba shi da takardar likita. Ya ce, "Ba ni da ita. Takarda gare ka, ni ƙafa gare ni." Na ce ko ta warke ba zai nuna komai ba. Ya ce, "To, ta warke ɗin. Ni nan buƙatata ta tsaya." Ya hau kekensa ya tafi bai ci abincina ba.

Ta miƙe bayan kamar wata biyu. Jaririyar ba ta taɓa yin tari ba, yau ita ma uwa ce. Ni kuwa na gaya wa mutane zazzaɓin damina ne ya yi mata nauyi, na ci gaba da kiran aikinsa camfi, har da ƙarin ƙarfi, domin yarda da shi yarda ce da cewa da hannuna na rufe matata cikin wannan ƙura.

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. A duk hujjojin da ke kan ƙyallensa babu wadda ta kai ta gidana ƙarfi. Da ya faɗe ta a kasuwa sau ɗaya, cewa ga abin da ya faru a gidan Hedimasta mai boko, da bakin masu dariya ya mutu, da ɗansa bai yi dambe a kan sunansa ba. Bai faɗa ba. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa 'ya'yansa ba. Na duba ƙyallen bayan rasuwarsa: akwai ɗigo a ƙauyukan da ke kewaye, amma Kurya Madaro fara ce fes. Ya yarda taswirarsa ta zauna da giɓi don ya rufa mini asiri, ni da nake masa gorin ma'auni.

A kwanakinsa na ƙarshe ina zuwa in zauna kusa da shi bayan la'asar. Rannan na miƙa hannu na gyara masa hula, ya yi murmushi ya ce, "Har yau dubawa kake, Hedimasta?" Sa'an nan ya ce, "Siton Baba. Kar a bari kowa ya shiga a bushe." Na ce to. Akwai wata kalmar da ya kamata ta biyo bayan wannan to ɗin. Na tsaya ina neman yadda zan tsara ta daidai, har aka kira magariba.

Bayan sallar azahar ta rana ta biyu, kafin mutane su watse daga sahu, na miƙe. Leburorin na tsaye a gefe da tsintsiyoyinsu. Na ce a yi mini haƙuri, ina da magana a kan mamaci. Na faɗi labarin Kurya Madaro daga farko har ƙarshe, da gora, da rufe taga, da jan zare, ban rage komai ba, ban kuma gyara shi ya yi kyau ba. Na ce, "Shekaru nake ce muku yayana camfi yake yi. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce tun ina yin ta. Ku shaida na janye."

Manomin albasar nan ne ya fara magana. "Malam, mu ai ba mu taɓa jin taka ba. Tashi munka bi, ga mu da ranmu." Wasu suka yi dariya, ban ji haushi ba. Babban ɗan ya matso, idonsa ya yi ja.

"Baffa, Baba ya san duk wannan, ya bari ana yi mishi dariya?"

"Ya sani."

Ya juya ga leburorin. "Ku jingine tsintsiyar nan. A kawo bokitai. Kuma a gaya wa maiɗakina kar in ga ƙafarta bayan gida."

Ba mu gama magana ba hadarin ya sauko. Aka jera bokitai da tuluna a ƙarƙashin indararo, suka cika nan da nan. Muka jiƙa rawuna da hankici muka rufe hanci, aka buɗe ƙofar siton a hankali. Jemagun suka motsa a sama, ba wanda ya taɓa su. Na ce ni zan fara zubawa, na tsaya ina neman abin da zan ɗiba da shi, domin ruwan bokiti idan aka kwara shi da ƙarfi ƙura yake tayarwa, yayyafi ake so.

Sai na ji an taɓa gefen rigata. Maiɗakina ce, ta fito cikin ruwan sama, tsohuwa yanzu, lulluɓe da mayafi. Ashe labarin abin da na faɗa ya riga ya shiga cikin gida. Ta miƙo mini wani tsohon kofi da fentinsa ya ɓaɓɓare, wanda na ɗauka an jefar da shi tun muna Kurya Madaro. Zaren na nan a hannunsa, ya koɗe, amma ja ne.

Da shi na yayyafa ruwan farko. Ɗan ya karɓa ya yayyafa na biyu.

Kashin ya kwana a jiƙe, da safe aka kwashe shi da shebur, aka wanke daɓen, aka shimfiɗa tabarmi. Manomin ya loda takin zuwa Shinkafi. A cikin siton aka yi addu'ar uku, kuma yau fiye da wata guda ke nan, na bi gida gida na tambaya, ba wanda ya yi tari. Ɗan ya cire ƙyallen daga bangon mahaifinsa zai sa masa gilashi. Kafin ya tafi da shi na roƙi aron sa na yini ɗaya, na samo jan tawada, na sa ɗigo a Kurya Madaro.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa aljanna ce makomarsa, Ya yafe mini kalmar da na tsaya gyarawa har ta rasa mai ji.